Darasi: Kalmar Turanci "take" da wuraren da take shiga

Ba da Turanci za mu buɗe darasin yau ba. Da kalmar "ci" za mu fara, wadda ko yaron da aka yaye jiya ya san ta. Mutum ya ci tuwo. Ɗansa ya ci jarrabawa. Kasuwar Mafara ranar Talata take ci. Ahmad Sani Yariman Bakura ya ci zaɓen gwamnan Zamfara a 1999. Manomi ya ci bashin taki, gobara ta ci rumbu, wani ya ci amanar abokinsa, buhu ya ci tiya arba'in. A duk jerin nan sau ɗaya kaɗai aka sa abu a baki aka tauna, amma ba wanda ya ruɗe a cikinku. Kunnenku ya saba. Da kun ji "ci" sai ku saurari kalmar da ke kusa da ita, ita ce za ta gaya muku wane irin ci ake nufi.

Turanci ma yana da irin waɗannan gajerun kalmomi masu aiki da yawa, kuma su suka fi ba mai koyo wahala, ba dogayen da ake jin tsoro ba. Kalma irin *irrigation*, duk tsawonta, ban-ruwa take nufi, ka haddace ta ka huta. Amma *get*, *make*, *put*, *set*, *run* da *take*, kowace fuskokinta sun fi a ƙirga. Babban ƙamus na Oxford, a bugun 1989, ya jera wa *set* ma'anoni 430. Da masu gyaransa suka sake bin *run* a 2011, sai da suka kai 645. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Bature ma bai san su duka ba, kamar yadda ba wanda ya taɓa zama ya ƙirga cin da ke cikin Hausa kafin ya fara magana. Yau *take* kaɗai za mu kama, kuma za mu fi tsayawa kan ma'anonin da za ku ci karo da su a asibiti, a tasha, a jikin katin biki da kuma a maganar jarrabawar yaranku.

Yadda ake furta ta da yadda take sauyawa

Wanda ya koyi boko da Hausa, in ya ga haruffan nan huɗu, bakinsa zai ce "ta-ke", kamar a cikin "nan take" ko "taken ƙasa". A Turanci gaɓa ɗaya ce, "teik". Harafin ƙarshe ba a furta shi. Haka ake yi da *make*, *cake* da *lake*.

Kalmar aikatau ce, wato mai nuna aiki, kuma tana sauya kama bisa lokaci. Abin da ake yi kullum, *take*; in mutum ɗaya ake ba da labarinsa, namiji ko mace, sai a ƙara harafi a ce *takes*. Abin da ya riga ya wuce, *took*, ana furta ta "tuk". Bayan *have*, *has*, *was* ko *were*, sai *taken*. Abin da ake cikin yi, *taking*. Babu *taked* a Turanci, ko da yake yara sukan ƙirƙiro ta. Kuskuren da ya fi yawa a bakin manya shi ne *I did not took*. Da zarar *did* ta shigo jimla, ta riga ta nuna cewa abin ya wuce, sai kalmar ta koma yadda take tun farko: *I did not take it*, ban ɗauka ba.

Wani abin sha'awa, kalmar nan da ta cika Turanci haka baƙuwa ce. Mutanen Denmark da Norway da suka riƙa kai hari Ingila har suka zauna a gabashinta da arewacinta tun ƙarni na 9, su suka zo da ita, suna cewa *taka*. Sannu a hankali ta ture tsohuwar kalmar Ingilishi, *niman*, ta gaje wurinta. Mu ma "littafi" da "alƙalami" daga Larabci muka samo su, yau ba mai yi musu kallon baƙi.

Ɗauka, karɓa, kaiwa

Tushen ma'anar shi ne hannu ya kama abu. *Take this hoe*, ɗauki fartanyar nan. *Take your change*, karɓi canjinka, ko amshi canjinka kamar yadda muka fi faɗa a nan. *Who took my phone?* Wa ya ɗauke mini waya? Ku lura da wannan ta ƙarshe. In abu ya ɓace maka kana ba da rahoto, *somebody took it* ta fi sauƙi a kan *he stole it*. Ta farko cewa ka yi an ɗauka. Ta biyu ka kira mutum ɓarawo ke nan, kuma sai ka kawo shaida.

Daga ɗauka sai kaiwa, kuma a nan Bahaushe ya fi kowa sa'a, don harshensa ya riga ya raba abin. Muna da "kai" da "kawo", "tafi" da "taho", "fita" da "fito". Wasalin "o" na ƙarshe yana nuna abin wajen mai magana ya nufo. Turanci da kalmomi biyu dabam yake yin wannan aiki: *take* ita ce kai, *bring* ita ce kawo. Uba yana gida a Maradun ya ce wa ɗansa *Take the rice to Mafara*, kai shinkafar Mafara. Dillali yana zaune a Mafara ya bugo waya ya ce *Bring the rice*, kawo shinkafar. Shinkafa ɗaya, hanya ɗaya, inda mai magana yake tsaye ne ya bambanta. Duk sanda kuka yi kokwanto, ku faɗi jimlar da Hausa a zuci. In "kawo" ta fito, *bring* ce.

A asibiti

Nan za mu daɗe, don nan ne rashin fahimta yake iya taɓa lafiya.

Ku tuna 'yar farar ledar nan da ake zuba ƙwayoyi a ciki a tagar ba da magani, wadda ake rubutu da biro a jikinta. Wani lokaci zane uku kawai za ka gani a jere. Wani lokaci kuma a rubuta *Take 1 tablet 3 times daily after meals*. A nan *take* ba ɗauka ba ce, ba kaiwa ba ce. Sha ce. A sha ƙwaya ɗaya sau uku a rana bayan an ci abinci. Mu da "sha" muke amfani ko ƙwaya ce ko na ruwa, shi ya sa za ku ji ana cewa *drink your medicine*. Kowa zai gane, amma a jikin kwali da bakin likita *take* za ku tarar.

Kalmomin da ke rakiyar ta a irin wannan rubutu ba su da yawa, kuma sun cancanci a haddace su kamar lambar waya. *Daily*, kullum. *Once*, sau ɗaya. *Twice*, sau biyu. *Before meals*, kafin cin abinci. *After meals*, bayan cin abinci. *At night*, da dare. *Do not take more than*, kada a sha fiye da, sai adadi ya biyo baya. *To be taken*, a sha. Sai wadda ta fi su duka muhimmanci, *Not to be taken*, wadda ake samu a jikin maganin shafawa da na wanke ciwo: ba na sha ba ne. Tsakanin "a sha" da "kada a sha" kalma ɗaya ce mai haruffa uku, *not*. Ku koya wa idonku neman ta kafin komai. Wannan darasi na karanta rubutu ne, ba na ba da magani ba, in rubutun bai fito ba, a koma taga a ce, "Malama, don Allah a sake yi mini bayani." Ba abin kunya ba ne.

A asibitin dai, kalmar tana sake sauya kaya. Ma'aikaciyar jinya ta ce wa dattijuwa, *Mama, let me take your temperature*: Inna, bari in auna zafin jikinki. *Take your blood pressure*, auna bugun jini. *Take a blood sample*, ɗibi jini don gwaji. A jikin bango kuma ga takarda an rubuta *Take your child for immunization*, kai ɗanka riga-kafi. Cikin ɗaki ɗaya mun sami sha, aunawa, ɗiba da kaiwa. Yaya za a bambanta? Kamar yadda kuke yi da "ci". In magani ne ya biyo, sha. In zafin jiki ne, aunawa. In mutum ne ya biyo, sannan aka ga *to* ko *for* da sunan wuri ko dalili, kaiwa. *Take* kamar ɗan dako take a kasuwar Talata: kayan da aka ɗora masa su ke faɗin rumfar da zai nufa.

A Nijeriya an faɗaɗa wannan ma'ana ta sha har ta kai ga abinci da abin sha gaba ɗaya. Mai masauki zai tambayi baƙo *What will you take?*, me za a kawo maka. Mai ciwon suga zai ce *I don't take sugar*, ba na shan suga.

A tasha da kan hanya

Talata Mafara tana kan babbar hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato, don haka mutumin Maradun ko Bakura da ya tashi tafiya bai rasa jin waɗannan ba. *Take a bus*, hau bas. *Take a taxi*, shiga tasi. *Take the Sokoto road*, bi hanyar Sakkwato. *Take the second turning on the left*, ka sha kwana ta biyu a hagu. Ba wanda zai saɓa bas a kafaɗa. Da abin hawa ya biyo bayan kalmar, hawa ake nufi, da hanya ta biyo, bi ake nufi.

Sai maganar lokaci, wadda ginin jimlarta ya ɗan bambanta da namu. Mu mukan ce tafiyar awa biyu ce. Bature yakan fara da *it*, wadda a nan ba ta nufin kowa ko komai, tsarin harshen ne kawai: *It takes two hours*. Ku karanta wannan hira biyu-biyu, ɗaya fasinja ɗaya direba, sannan ku musanya:

Fasinja: *How long does it take to reach Gusau?*
Direba: *It takes about two hours, Alhaji.*
Fasinja: *How many people does this car take?*
Direba: *It takes six. Please take the front seat.*

Tambayar farko, awa nawa ake yi kafin a kai Gusau. Ta biyu, motar nan mutum nawa take ci. Kun ga a nan *take* da "ci" sun haɗu daidai: mota tana cin mutum shida, buhu yana cin tiya arba'in. Jimlar ƙarshe kuwa girmamawa ce, Alhaji ya zauna gidan gaba.

Manomin fadama zai yi amfani da wannan gini fiye da ɗan tasha. *This rice takes about four months*, shinkafar nan takan yi kusan wata huɗu kafin a yanke. *It took us three days to clear the canal*, sai da muka yi kwana uku muna yashe magudanar. Abu ɗaya a kiyaye: *take* ta lokaci ce. In kuɗi ake tambaya, *cost* ake sawa. *How long does it take?* tambayar lokaci. *How much does it cost?* tambayar farashi.

Tarkon jarrabawa

Yarinya ta dawo daga makaranta ta nuna wa mahaifinta saƙo a waya: *Your daughter took the exam*. Shi kuma yana da labarin cewa *take* takan yi daidai da "ci", sai ya fara shirin raba goro. A dakata tukuna. *Take an exam* zama jarrabawa ne kawai, shiga ɗaki da rubutawa. Cin jarrabawa *pass* ne, faɗuwa kuma *fail*. Dubban yara ne ke zama WAEC da NECO da JAMB kowace shekara, duk sun yi *take*, ba duka ne suka yi *pass* ba. A nan gida an fi cewa *write an exam*, a Ingila kuma za ka ji *sit an exam*. Duk zaman ne, ba sakamako ba. Na kawo wannan ne don kada wani ya fita daga aji yana cewa an gaya masa *take* ita ce "ci". Hali ɗaya gare su, amma ba kullum suke sauka gida ɗaya ba. Kasuwa tana ci, amma ba a cewa *the market takes*. Ɗan takara ya ci zaɓe, *won* ake cewa. Bashi kuwa sun yi daidai, *take a loan*, cin bashi. Haka *take a bribe*, cin hanci.

Inda ma'anar ta koma kan maƙwabciya

Akwai wuraren da *take* ba ta ɗauke da wata ma'ana tata, sai dai ta share wa sunan da ke biye hanya, kamar yadda "yi" take aiki a Hausa: yi wanka, yi barci, yi magana. *Take a bath*, yi wanka. *Take a rest*, huta. *Take a look*, duba. *Take a seat*, zauna. *Take an oath*, yi rantsuwa, irin wadda gwamna yake yi ranar 29 ga Mayu kafin ya shiga ofis. Wasu kuma sun zo daidai da yadda muke faɗa: *take a picture*, ɗauki hoto, *take action*, ɗauki mataki, wadda masu sauraron labarun rediyo suke ji safe da yamma. Irin waɗannan ba a warware su kalma-kalma. A dunƙule ake haddace su.

Biyu daga cikinsu sun fi ruɗa mutane. Ku ɗauko kowane katin ɗaurin aure da aka buga da Turanci. Bayan sunayen iyalan biyu da na ango da amarya, za ku ga layi mai cewa *which will take place on Saturday*, sai wuri da lokaci. *Place* wuri ne, gaskiya, amma *take place* ba ɗaukar wuri ba ne. Faruwa ne, gudana: wanda za a yi ranar Asabar. Ta biyu *take part*, shiga cikin abu, a yi da kai. *Women took part in the meeting*, an yi taron da mata. In kuma aka sa mai wurin a tsakiyar *take place*, ma'ana ta sake: *He took his father's place*, ya maye gurbin mahaifinsa.

*Take care* kula ce, *take care of the children*, kula da yara. In an faɗe ta wajen sallama kuma, kamar a ce a sauka lafiya. *Take your time* a Turancin littafi lallashi ne, yi a hankali, ba gaggawa. Amma a titin Nijeriya, in mutum ya ɗaure fuska ya nuna ka da yatsa ya faɗe ta, gargaɗi ne, ka shiga taitayinka. Fuskar mai magana ita ce ƙamus a nan.

'Yan ƙananan kalmomin da ke juya ta

Yanzu ga abin da ya sa ma'anonin suka yi yawa haka. Turanci yakan liƙa wa aikatau 'yar ƙaramar kalma, *off*, *over*, *out*, *back*, *away*, *after*, *in*, sai ma'ana ta juya gaba ɗaya.

*Take off* tuɓewa ce in tufafi ko takalmi ne: *Take off your shoes*, a ƙofar masallaci ko zauren sarki. In jirgin sama ne, tashi: jirgin alhazai ya yi *take off* da asuba. *Take over* karɓar ragama ce. Bello Matawalle, ɗan Maradun, ya karɓi mulkin jiha daga Abdul'aziz Yari, ɗan Talata Mafara, a 2019; da Turanci *he took over from him*. Ita ce kuma kalmar da aka yi amfani da ita da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Shehu Shagari ranar 31 ga Disamba 1983, don haka kalmar ba ta faɗin ko da lalama aka karɓa ko da ƙarfi. *Take out*, fitar da, ciro. *Take back*, mayar, ko janye magana. *Take away* ɗaukewa ce, kuma ita ce ɗebewa a lissafi: *ten take away four*, goma a ɗebe huɗu, saura shida. Robar abincin nan da ake rabawa a biki a tafi da ita gida, daga nan ta samo sunanta. *Take after* ba bin baya ba ne, gado ne na kama ko hali: *She takes after her mother*, uwarta ta ɗauko.

*Take in* sai an yi hattara. A Turancin Ingila tana nufin fahimtar abu, ko ba wani masauki, ko yaudara. A Turancin Nijeriya kuwa, in aka ce *she has taken in*, ta sami juna biyu ake nufi. Haka *they have taken light*, an ɗauke wuta, magana ce tamu. Bature *power cut* zai ce. A ganina waɗannan ba kurakurai ba ne da za a yi wa mutum dariya a kansu. Miliyoyin mutane suna fahimtar juna da su daga Legas har Gusau. Sai dai mai cike fom ko rubuta takardar neman aiki ya san wace ce ta gida, wace ce ta littafi, ya zaɓa da saninsa.

Mai ƙamus a gida, ko Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ne ko na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, kada ya tsaya a ma'anar farko da ya gani. Ya bi da yatsa har ƙasa, ya nemi misalin da ya yi kama da jimlarsa. Mai neman fassara a waya kuma ya rubuta jimlar gaba ɗaya. In ya rubuta *take* ita kaɗai, "ɗauka" za a ba shi, ko da maganar magani ce.

Karatu

Labarin da za mu gwada kanmu da shi na gida ne. Madatsar ruwan Bakolori tana kan Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, aka gama a 1978, kuma tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An shirya ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450 don noman rani. Ruwan ya ci gonaki da gidaje, an tashi dubban mutane, rikici ya ɓarke kan diyya, har a 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma kan manoman da suka tare hanyoyi, aka yi asarar rayuka da dama. Wataƙila a ajin nan akwai wanda ya ga abin da idonsa, ko ya ji daga bakin mahaifinsa. Malami ya ba shi dama ya yi magana in yana so, kada a matsa masa in ba ya so.

*The Bakolori Dam is on the Sokoto River. It took some years to build. The government took many farms for the work, and payment took too long. The farmers took their complaint to the officials. Many of them took part in a big protest. It took place in 1980. Today, canals take water from the dam to the rice fields. After harvest, farmers take off their boots and take a rest. Then their sons take the rice to Mafara market.*

Malami ya karanta sau biyu a hankali, aji yana saurare. Sannan kowa ya ja layi ƙarƙashin *take* ko *took* duk inda ya gan ta, ya zagaye kalmar da ke biye da ita. Kada a fara fassara sai an gama zagayewa.

Aikin aji

1. Sau nawa kalmar ta fito a cikin karatun? A wurare nawa take nufin "kai"? A ina take maganar lokaci?

2. A jimla ta uku ta fito sau biyu. Faɗi ma'anar kowace da Hausa. Wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa da *took many farms*: ɗauka, karɓa ko ƙwacewa? Ku tattauna, ba dole ne bakinku ya zo ɗaya ba.

3. Sa *take* ko *bring* a gurbin da aka bari. Kana gona, ka aika gida: "____ my food to the farm." Kina gida, kin ce wa ƙanenki: "____ this food to Baba at the farm."

4. Mayar da waɗannan Turanci: Inna ta sha maganinta. Za a yi taron ranar Talata. Mun yi awa ɗaya kafin mu kai Bakura. Tuɓe hularka. Ban ɗauki kuɗinka ba.

5. Gyara kuskuren da ke cikin kowace: *He taked the bus. I did not took it. She take tea every morning. How much does the journey take in naira?*

Aikin gida

Kowa ya nemo rubutun Turanci guda biyu masu ɗauke da wannan kalma, daga kwalin magani, katin biki, buhun iri, saƙon banki a waya ko allon sanarwa. Ya kwafe jimlar gaba ɗaya a littafinsa, harafi bayan harafi, ya rubuta ma'anarta da Hausa a ƙasa. Wanda ya samo a jikin kwali ya zo da kwalin, amma a bar maganin a gida inda yara ba za su kai hannu ba. Da su za mu fara zama na gaba, kafin mu shiga kalmar *get*.